Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Noma da Ƙungiyoyin Tallafi Kan Lambunan Ruwa na Al'umma

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, shugabannin hukumomin noma, da jami'an ƙungiyoyin tallafi masu zuba kuɗi a harkar wadata jama'a da abinci. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto muku ne da yawun ƙananan ƙungiyoyin al'umma da suka rungumi noman da ba ya buƙatar ƙasa, wanda masana ke kira haidurofonik, mu kuma muke ce masa lambun ruwa. Yawancinmu mata ne da matasa marasa gona. Akwai zawarawa a cikinmu, akwai masu lalura da ba za su iya sunkuyawa su riƙe fartanya ba, akwai waɗanda rikici ko fari ya raba da gonakinsu. Ni ce mai riƙe da littafin lissafin ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi, kuma 'yan'uwa ne suka ɗora mini nauyin wannan rubutu.

Dalilin wasiƙar shi ne labarin da ya iso mana cewa zangon tallafin lambunanmu ya ƙare, kuma kuɗin da za a ware nan gaba za a zuba su ne a katafaren gidan shuka guda ɗaya, mai kayan da za a yi odarsu daga waje, inda za a riƙa kai baƙi su gani. Ba a tuntuɓe mu ba. Da muka yi magana da takwarorinmu na wasu wurare, sai muka tarar labarin iri ɗaya ne, shi ya sa muka ga ya dace a yi maganar a fili.

Ba butulci ya kawo mu ba. Kun kawo mana abin da ba mu san da shi ba, kuma mun ga amfaninsa da idonmu: ganye yana fitowa a kan rufin siminti da bayan gida, inda ko ciyawa ba ta tsirowa. Mun yarda da hujjarku cewa wannan noma yana tsimin ruwa. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce noma ne ke shanye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin da ake ɗiba a duniya, kuma lambun da ke juya ruwansa maimakon ya bari ƙasa ta tsotse ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda yake sayen ruwa ko yake ɗauko shi a ka. Kukanmu a kan yadda ake tafiyar da shirin ne.

Abu na farko, irin kayan da ake zaɓa mana. Kusan ko'ina tsari ɗaya ake kafawa: dogayen bututun roba da aka huda, ruwan taki yana gudana ɗan siriri a ƙarƙashin saiwa, injin turo ruwa yana aiki ba dare ba rana. Tsari ne mai kyau, a Ingila aka ƙirƙiro shi, kuma yana da kyau a hoto. Amma ransa yana hannun wutar lantarki. Saiwar da ke cikin bututu ba ta da danshin ƙasa da za ta jingina da shi, don haka in injin ya tsaya da tsakar rana a lokacin zafi, 'yan sa'o'i sun isa shuka ta yi yaushi. Mu ma hakan ta same mu. Batirin solar da aka haɗa mana ya yi sanyi, ba mai gyara a kusa, ɗan kwangilar da ya kafa ya daina ɗaukar waya, kuma latas ɗin da ya rage kaɗan a yanka ya kwanta gaba ɗaya. Matan da suka yi makonni suna rainonsa sun koma gida hannu rabbana, wasu ba su sake dawowa ba.

Abin takaicin shi ne akwai hanyoyin da ba sa buƙatar wuta ko kaɗan, kuma masananku sun san su. Wani masani a Jami'ar Hawaii, Bernard Kratky, ya daɗe da nuna cewa za a iya cika mazubi da ruwan taki, a rataya shuka a murfinsa, a bar ta. Tana shan ruwan yana raguwa, sararin da ya buɗe tsakanin murfi da ruwa yana ba saiwar sama iska, ta ƙasa kuma tana ci gaba da sha. Babu inji, babu waya. Ga ganyen da ke nuna cikin wata guda ko fiye kaɗan, wannan ya wadatar. Haka nan akwai gadon shuka da ake cikawa da ɓuntun shinkafa da yashi ko tsakuwa, a riƙa ba shi ruwan taki da hannu. Ofishin FAO na Latin Amurka ya fitar da littafin koyar da irin wannan tun 1993, bisa abin da aka gwada a unguwannin talakawa na ƙasashe irin su Kolombiya, da akwatunan katako da tsofaffin tayoyi da leda. Me ya hana a fara da mu daga nan? Zargin da muke yi, kuma ku gafarce mu, shi ne bokiti da ɓuntu ba sa cin kuɗin da za a rubuta wa kwangila.

Kafin ku sa hannu kan katafaren gidan shukar nan, ku dubi abin da ya faru da waɗanda suka fi ku kuɗi. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya kwatanta noman latas na ruwa da na gona a jihar Arizona ta Amurka. Lambun ruwan ya ba da amfani ninki 11 a fili ɗaya, ruwan da ya sha kuma a kan kowane kilo na latas kashi ɗaya ne cikin 13 na abin da gona ta sha. Amma makamashin da ya ci a kan kowane kilo ya ninka na gona sau 82, yawancinsa wajen sanyaya gidan da ɗumama shi. Masu talla suna faɗin lambobi biyun farko, su haɗiye na ukun. A 2023 kamfanonin AeroFarms da AppHarvest na Amurka, masu noman da ba ya buƙatar ƙasa a manyan gidajen shuka, waɗanda masu zuba jari suka antaya wa ɗaruruwan miliyoyin daloli, duk sun je kotu neman kariya daga masu binsu bashi. Takwaransu kamfanin Bowery ya rufe a 2024. Waɗannan suna da injiniyoyi, suna da wuta tsayayya, suna da masu saye da ke iya biyan tsada. Idan kuɗin gudanarwa ya kayar da su, wa zai riƙe naku ranar da tallafi ya tsaya?

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato taki. A gona, ƙasa tana rufa wa manomi asiri: ko ya yi kuskure, tana da ajiyar abinci, tana da ƙananan halittun da ke sarrafa taki su mayar da shi abin da shuka za ta iya sha. A lambun ruwa babu wannan. Duk sinadarai 14 da shuka ke sha ta saiwa sai an zuba mata su a ruwa, a kan awo. Mu kuwa abin da aka ba mu jarkoki ne guda biyu, ɗaya an rubuta A, ɗaya B, aka ce mu zuba murfi kaza a tanki. Ba a gaya mana me ke ciki ba, ba a gaya mana inda ake sayarwa ba. Da suka ƙare, lambu ya tsaya.

Wasu daga cikinmu sun gwada takin zamani na gona, tunda shi ne a kasuwa. Saiwa ta ƙone. Sai daga baya wani malamin gona mai kirki, wanda ba aikinsa ba ne ma, ya zauna ya yi mana bayani: takin gona irin su yuriya sai ƙwayoyin halittar ƙasa sun sarrafa shi tukuna, kuma yawanci ba shi da kalsiyam da maganiziyam da ƙarfe da sauran ƙananan sinadaran da ƙasa ke bayarwa kyauta. Ya kuma gaya mana dalilin raba jarkokin biyu: in aka haɗa kalsiyam da sinadaran salfet da fosfet alhali suna da kauri, sai su dunƙule su kwanta a ƙasan mazubi, shuka ba ta iya sha. Bayanin da bai ɗauki rabin yini ba, amma shirin da aka kashe wa kuɗi masu yawa bai tanadi wanda zai yi mana shi ba.

Wannan ilimin ba sirrin wani kamfani ba ne. Tun 1938 masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, Hoagland da Arnon, suka wallafa yadda ake haɗa ruwan takin dalla-dalla domin kowa ya karanta, kuma har gobe ana aiki da haɗin nasu. Ilimin da ya haura shekara 80 a fili, shi ne ake ɓoye mana a jarka marar bayani. Duk ƙungiyar da ba ta iya haɗa takinta da kanta ba, lambun ba nata ba ne, aro aka ba ta.

Haka batun ruwan kansa. Ba a auna ruwanmu ba kafin a kafa lambun. Shuka a ruwa ta fi son ma'aunin tsami na pH ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da kauri, ma'auninsa ya haura 7, kuma a nan ƙarfe ke daina narkewa, sai sabbin ganyaye su fito rawaya alhali takin yana nan a tanki. Wani ruwan kuma gishiri ne da shi, shuka ba ta shansa, yana taruwa kullum har ya kashe ta. In ruwan tanki ya yi zafi, iskar da ke cikinsa takan ragu, saiwa ta ruɓe, cutar kuma ta bi ruwa ta zagaye duk bututun. In haske ya shiga tanki, gansakuka ta cika shi. In aka bar shi a buɗe, sauro ya sami wurin haihuwa a tsakiyar gidajen mutane. Kowanne daga cikin waɗannan yana da magani mai arha: inuwa, murfi, binne tanki rabi a ƙasa, tara ruwan sama, 'yar na'urar awo da ake riƙewa a hannu. An ba mu na'urar awon, gaskiya ne, amma ba a ba mu ruwan da ake daidaita ta da shi ba, kuma na'urar da ba a daidaitawa ƙarya take yi.

Abu na uku, alkawarin da ake yi da sunanmu. A wajen ƙaddamarwa mun ji ana cewa wannan noma zai kawar da yunwa. Ranku ya daɗe, ba zai kawar ba, kuma faɗin haka yana cutar da mu. Abin da ke riƙe cikin ɗan Adam hatsi ne da dangin doya da rogo da wake. Shinkafa da alkama da masara kaɗai su ne kusan rabin ƙarfin abincin da duniya ke samu daga tsirrai, kuma ba mai noma su a bututu ya ci riba. Latas kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne. Babban mutum sai ya ci fiye da kilo 13 a rana kafin ya sami kuzarin da jikinsa ke buƙata. Hatta Hoagland da Arnon ɗin da na ambata sun ja kunnen mutanen zamaninsu kan zuzuta abin, domin a gwajinsu ba su ga lambun ruwa ya fi ƙasa mai kyau ba idan aka kula da su daidai. Fa'idarsa tana inda ƙasa mai kyau ko ruwa suka yi ƙaranci.

To me yake yi? Yana cike wani giɓi na daban, kuma giɓin babba ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 kan halin abinci ya ƙiyasta mutum miliyan 733 sun yi fama da yunwa a 2023, amma waɗanda ba su da halin sayen abinci mai gina jiki sun kai biliyan 2.8 a 2022. Wato akwai tarin mutanen da ke cika ciki amma jikinsu na kukan rashin ganye da kayan marmari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na waɗannan a kullum. Nan ne lambun ruwa ke da rana: ganye a bakin ƙofa a lokacin da kasuwa ta yi tsada, da ɗan cinikin da zai sayi hatsi. Idan kun ce wa jama'a maganin yunwa ne, sannan suka ga ba haka ba, sai su ce yaudara ce, su watsar da shi har da amfaninsa na gaske.

Wannan ya kawo ni kan iri. Ana kawo mana irin latas saboda shi ne a littafin ɗan kwangila. Latas shukar sanyi ce, da zafi ya taso sai ta yi tsiri ta yi ɗaci, kuma ba kowace al'umma ke cinta ba. Da an tambayi matan da ke girki, da sun faɗi ganyen da iyalansu ke ci da wanda maƙwabta za su saya, kuma da yawansu, kamar alayyafo, sun fi jure zafi.

Abu na huɗu gajere ne amma yana kashe ƙungiyoyi: mallaka. Filin da lambunmu yake ba a rubuta shi da sunan ƙungiya ba, kayan ma ba a damƙa mana su a takarda ba. Wanda bai san ko za a tashe shi gobe ba, ba zai zuba kuɗinsa ya gyara tanki ba. Rahotanninku kuma suna ƙirga bututun da aka kafa da mutanen da suka halarci horo. Ba mu taɓa ganin wanda ya dawo bayan shekara biyu ya ƙirga lambunan da ke raye ba.

Kada ku ɗauka muna neman abin da ba a taɓa yi ba. A sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke kusa da Tinduf a hamadar Aljeriya, Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, WFP, ta fara gwajin tsirar da sha'ir domin ciyar da awaki da tumaki da wata kwantena mai kayan zamani. Abin da ya sa shirin ya bazu shi ne aikin mutanen sansanin da kansu, ciki har da injiniyan noma Taleb Brahim, wanda shi ma ɗan gudun hijira ne: sun mayar da tsarin ƙananan rumfuna da ake haɗawa da kayan da ke wurin, ciyawa tana isa yanka cikin kamar mako guda. A sansanin Za'atari na Jodan, masana daga Jami'ar Sheffield ta Ingila sun lura da tarin tsofaffin katifu da aka rasa yadda za a yi da su, aka mayar da soson ciki madadin ƙasa. Da yawa daga 'yan Siriyan da ke sansanin manoma ne tun a gida. Da suka kama kan abin, su ne suka riƙa gyara shi suna koya wa juna. A wuraren biyu masani ya kawo dabara, mutane suka karɓe ta suka sassaƙa daidai da hannunsu. Mu ma ba mu fi ƙarfin haka ba, ba mu kuma kasa ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku dakatar da sa hannu kan babban gidan shukar har sai kun zauna da wakilan ƙungiyoyin da suka riga suka yi wannan noma, kun ji abin da ya yi da abin da bai yi ba. Idan dole sai an gina shi, to ya zama wurin rainon dashe da koyarwa da awon ruwa da zai yi wa ƙananan lambuna hidima, kuma a bayyana tun yanzu wanda zai biya kuɗin wutarsa da gyaransa bayan tallafi.

Ku ba mu haɗin takin a rubuce, a harshen da muke ji, da awon kowane sinadari, ku horar da mutum biyu ko uku a kowace ƙungiya har su iya aunawa da haɗawa ba tare da kowa ya tsaya a kansu ba. Sannan ku taimaka a sami sinadaran a kusa. Ƙungiya ɗaya ba za ta iya sayen buhu-buhu ba, amma ƙungiyoyi da yawa in suka haɗa kai za su iya, musamman in hukuma ta sauƙaƙa wa dillalan kayan noma shigo da takin da ke narkewa a ruwa kamar yadda take yi wa takin gona. Wannan roƙon shi ne uwa. In kun biya shi kaɗai, rabin lambunan da suka tsaya za su iya tashi.

A fara kowane sabon lambu da tsarin da ba ya buƙatar wuta, a auna ruwan wurin kafin a sayi komai, a bar ƙungiya ta zaɓi abin da za ta shuka. Wadda ta ƙware ta ga tana da kasuwa, ita da kanta za ta nemi inji. Malaman gona na gwamnati kuma a koya musu wannan fanni, domin su ne za su rage a wurin bayan ma'aikatan shiri sun tattara nasu ya nasu. Game da ciyawar dabbobi, a gaya wa makiyaya gaskiya: nauyin da tsiron ke ƙarawa yawancinsa ruwa ne, amfaninsa yana inda ɗanyar ciyawa ta yanke, kuma in ba a tsabtace faranti ba fumfuna na iya kama shi ta cutar da dabba.

A rubuta fili da kaya da sunan ƙungiya, a tabbatar matan da ke aikin suna cikin masu sa hannu a asusu. A bar mana ɗan jarin juyawa na sayen taki da iri maimakon a kashe komai ranar buɗewa. Ku kuma sauya ma'aunin nasararku: lambuna nawa ke aiki bayan shekara biyu, kilo nawa aka girbe, nawa aka ci a gida, nawa aka sayar, nawa aka kashe.

Muna da littattafan lissafinmu, da ribar da asarar duk a rubuce, kuma a shirye muke mu kawo su duk ranar da kuka sa mana, muddin dai kafin a rufe kasafin zango mai zuwa ne. Muna kuma gayyatarku ku ziyarci lambunan da suka tsaya, ba waɗanda aka share aka yi wa fenti domin zuwanku ba.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Taku,
Magatakardar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin lambun ruwa na al'umma, a madadin sauran.